Aikin "danna waya ki samu kuɗi daga gida": abin da na gani a wayar ƙanwata

Aikin nan da ake tallatawa a WhatsApp, wanda ake cewa mutum zai riƙa samun naira 20,000 zuwa 50,000 kullum yana zaune a ɗakinsa, na bi shi daga saƙon farko har inda ya tsaya, kuma cikin taurari biyar ban ba shi ko ɗaya ba. Wanda bai shiga ba kada ya shiga. Wanda ya riga ya shiga kada ya ƙara tura ko sisi, komai yawan kuɗin da yake gani a shafinsa. Damfara ce, amma damfarar da aka zauna aka tsara, shi ya sa ce wa mutum "419 ne" kawai ba ya hana shi. Sai an warware masa yadda take tafiya daki-daki.

Ina da shagon POS da sayar da data a Tudun Wadar Kaduna, kusa da Kasuwar Barci. Daga safe zuwa dare aikina ke nan: buga lambar asusu, karanta sunan da ya fito, tura kuɗi, miƙa rasit. Wadda abin ya faɗa wa ƙanwata ce, autarmu, tana aure a Rigasa. Ta gama NCE, tana da yara ƙanana, ita da maigidanta sun yi shawara ta zauna gida har yaran su yi wayo. Da izininta nake wannan rubutu, kuma duk abin da zan faɗa a wayarta na gan shi da idona. Sunan kamfanin ba zan kawo shi ba, domin na aro ne. Sun ɗauko sunan wani kamfanin talla na gaske da tambarinsa sun manna a hotonsu, gobe kuma da wani sunan za su zo. Tsarin ne ba ya canzawa, shi ya kamata mutum ya gane.

Saƙon farko daga lambar ƙasar waje ya shigo, da hoton wata mata sanye da kwat. Ta ce ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce, kamfaninsu yana taimaka wa otal-otal da gidajen abinci su yi suna a intanet. Babu intabiyu, babu neman takardar makaranta, babu wanda ya kira ya ji muryarta. Abu uku aka tambaye ta: shekarunta, sana'arta, da lambar asusunta. Da Auta ta amsa da Hausa sai aka koma yi mata Hausa, irin ta na'ura, amma ana ganewa. Aikin gwajin ba wuya. Ta buɗe taswirar Google, ta nemo otal ɗin da aka ba ta sunansa, ta danna masa taurari biyar, ta rubuta layi ɗaya na yabo, ta ɗauki hoton fuskar wayarta ta tura. Ta yi guda uku. Kafin ta sauke tukunya alat ya shigo, naira 1,500.

Duk ƙarfin abin a nan yake. Kuɗin nan na gaske ne. Ta cire su a wajen mai POS na layinsu, ta sayi data da biskit na yara. Da dare maigidanta ya ce mata wannan ai damfara ce, sai ta nuna masa alat ta ce, "Ɗan damfara ba da kuɗi yake yi ko karɓa?" Ya rasa amsa. Yayarmu da ke Kawo ta yi mata irin wannan gargaɗin a waya, ita ma hoton alat aka tura mata, ta yi shiru. Ku duba abin da naira 1,500 ta yi: duk wanda yake ƙaunar Auta ya zama a idonta mutumin da bai san abin da duniya ke ciki ba, baƙuwar da ba ta taɓa gani ba kuma ta zama mai cika alkawari. Daga ranar ta daina gaya wa kowa halin da ake ciki, don ba ta son musu. Wanda zai kama kaza ba ya jin asarar tsabar da ya watsa. Su sun riga sun lissafa cewa cikin mutum goma da suka ba ɗan abin nan, ko ɗaya ya kai ƙarshen hanya ya biya musu na sauran har da riba.

Daga nan aka ce ta sauke Telegram, wai a can ofishin yake. Aka haɗa ta da wata "mai karɓar baƙi" da ta ba ta lambar ma'aikaci, aka jefa ta cikin wani zaure mai mutum sama da dubu. Idan zan faɗi gaskiya, ta wajen kula da mutum sun iya, kuma wannan iyawar ce haɗarinsu. Ko ƙarfe biyun dare ka yi magana, kafin ka ajiye waya an amsa, da ladabi, har da addu'a. Macen da ke wuni da yara ita kaɗai a gida, ga wasu suna tambayarta ya ta kwana, suna yaba mata ƙwazo, dole zuciyarta ta karkata. Zauren kuwa ba ya shiru. Yanzu wani ya saka hoton alat, anjima wata ta ce ta biya kuɗin haya, wani ya ce Allah ya saka wa kamfani da alheri. Na zauna na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da idon wanda rasit ne sana'arsa. Na ga rasit ɗaya da mutum uku suka saka a ranaku daban-daban, adadin kuɗin ya canza, lambar cinikin ba ta canza ba. Duk mai POS ya san lambar ciniki ba ta maimaituwa. Sannan akwai wata doka da aka maƙala a saman zauren: an hana 'yan zaure yi wa juna magana ta bayan fage, wai don kare sirri. Dalilin a fili yake. Ba sa son mutanen gaske ƙalilan da ke ciki su haɗu su gwada labari.

Kullum da safe ana fitar da jadawalin ayyuka, kowanne da lokacinsa. Yawancinsu irin na otal ɗin ne ko danna alamar so a bidiyon YouTube, naira 500 kowanne. Amma bayan kowane uku ko huɗu sai a saka wanda suke kira aikin ajiya: ka tura kuɗinka, a yi "ciniki" da su na minti goma, a dawo maka da su da ribar kashi 30 cikin 100. Ba a ce dole ba ne. An dai ce wanda ya tsallake shi kamashonsa zai sauka daga 500 zuwa 200. Auta ta tura 5,000, aka dawo mata da 6,500. Bayan kwana biyu ta tura 20,000, aka dawo mata da 26,000. Idan aka haɗa da na ƙananan ayyukan, abin da ta ci a hannunsu gaba ɗaya naira 16,500 ne. Ku riƙe wannan adadin.

Sai aka taya ta murna, aka ce ta cancanci VIP. Aka ɗauke ta daga babban zaure zuwa wani ƙarami, ita da mutum huɗu da wani "malami". Aka buɗe mata shafi a wani adireshin intanet mai kyan gani, ga layuka kore da ja suna hawa da sauka, ga sunanta da adadin kuɗinta a sama. Malamin zai ce danna nan, ta danna, kuɗi su ƙaru a allo. Aikin farko a VIP 60,000 ne. Ta tura. Da ta je cirewa sai aka ce ai wannan aikin haɗe ne, mataki uku gare shi, ba a cirewa sai an kammala. Ba a gaya mata haka ba kafin ta tura. Mataki na biyu 150,000. A makon ta kwashi adashenta, wanda ta yi niyyar sayen keken ɗinki da shi, ta tura. Shafin ya nuna mata 273,000. Mataki na uku: 380,000, cikin awa shida, in ba haka ba duk 'yan rukunin sun yi asara saboda ita. Sauran huɗun nan take suka saka rasit ɗinsu suka juyo kanta. Ɗaya ta rubuta cewa kuɗin asibitin mahaifiyarta ne a ciki, ta ji tsoron Allah ta biya.

A wannan halin ta hau Napep daga Rigasa da goyo a baya ta zo shagona. Ta ƙulle ɗan kunnen gwal ɗinta na aure a bakin mayafi, za ta kai kasuwa, sauran kuma a wajena take nema.

"Yaya, rance nake so. Wallahi kafin isha'i zan mayar maka, har da ƙari."

"Auta, wa za ki tura wa?"

Ta miƙo mini wayar. Na ba ta kujera da ruwa, na ce wa yaron shagona ya kula da kwastomomi, na ce ta karanto mini duk lambobin asusun da ta taɓa tura wa kuɗi. Ina bugawa a na'ura ina juya mata fuskar ta karanta da kanta. Na 5,000, sunan wani mutum a wani banki. Na 20,000, sunan wata mata a wani bankin waya. Na 60,000 da na 150,000, wasu sunayen dabam. Wanda aka ba ta na 380,000, shi ma sabon suna. Asusu biyar, sunayen mutane biyar, babu ko ɗaya mai sunan kamfanin. Sai na ce mu duba ta ɗaya ɓangaren, waɗanda suka turo mata. Su ma sunayen ɗaiɗaikun mutane ne, kowane alat da nasa. Na ce mata ni ɗan ƙaramin shagon nan nawa, idan kika turo mini kuɗi sunan shagon za ki gani. Ta yaya kamfanin da ke hulɗa da otal-otal na duniya zai rasa asusu da sunansa?

Tana da amsa, domin an riga an ba ta. Wai waɗannan wakilan kuɗi ne na kamfani. Ta nuna mini hoton takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da aka saka a zaure. Ta nuna mini 273,000 a shafinta ta ce, "Ga kuɗina nan ina gani, Yaya. In na tsaya yanzu ai na zubar da su da hannuna." Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ainihin abin da ya ɗaure ta. A lokacin ba riba take nema ba, kuɗin adashenta take son cetowa, kuma ba ta san yadda za ta kalli maigidanta ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ka ce masa wawa ne ka gama tura shi wajensu, domin su kaɗai ne suke ce masa akwai mafita.

Don haka ban yi musu da ita a kan ko damfara ce ko ba damfara ba. Na ce mu gwada su. Ta rubuta wa malamin cewa ta fasa, su riƙe ribar duka, su dawo mata da uwar kuɗinta 210,000 kawai. In ba zai yiwu ba su dawo da rabi. In ma 50,000 suka dawo da ita, na yi mata alkawari a gaban yaron shagona ni zan biya 380,000 ɗin daga jarina, ba sai ta sayar da ɗan kunne ba. Ta yarda da saurinta, don tana da yaƙinin za su biya.

Amsar farko: na'ura ce take sarrafa komai, babu ɗan Adam da zai iya taɓa ta kafin a kammala mataki na uku. Na ce ta rubuta cewa ba ta da 380,000, iyakarta ke nan. Ba a yi minti goma ba malamin ya dawo ya ce ya roƙi manaja, an tausaya mata, ta kawo 200,000. Ta ce babu. Aka sauko 120,000. Ta ce babu. Aka tambaye ta, to nawa take da shi a hannu yanzu? Ina kallon fuskarta lokacin da ta karanta wannan tambayar. Ban ce komai ba. Ita da kanta ta ɗago ta ce, "Yaya, ba sun ce na'urar ba ta canzawa ba? Ya ake ciniki da ita kamar a kasuwa?" Bayan nan sai ladabin ya ƙare. Aka ce za a rufe asusunta cikin awa biyu, aka ce za a kai ta kotu don ta karya yarjejeniya, matar da ke kukan kuɗin asibiti ta koma zagi. Ba a dawo da ko naira ɗaya ba.

Kuɗin da ke shafin nan ba kuɗi ba ne, lamba ce da wani ya buga a kwamfuta. Zai iya rubuta miliyan 10 kamar yadda ya rubuta 273,000. Da ta biya mataki na uku, da an ce ta yi kuskure wajen dannawa sai ta biya kuɗin gyara, ko a ce sai ta biya haraji kafin a saki kuɗin, ko a ce makin amincinta ya sauka sai ta sayi ƙari. Babu mataki na ƙarshe. Ana tsayawa ne ranar da mutum ya rasa wanda zai ranta masa.

Da dare muka je gida Unguwan Sanusi wajen Umma, domin Auta ta kasa komawa Rigasa ita kaɗai. Umma ba ta san Telegram ba, ba ta san taswirar Google ba, amma da aka yi mata bayanin aikin sai ta yi tambayar da ni ban yi ba.

"Auta, wannan otal da kika ce yana da kyau, kin taɓa kwana a cikinsa?"

"A'a, Umma."

"Kin san garin da yake?"

"A'a."

"To shaidar me kika bayar?"

Ɗakin ya yi tsit. Ko da ace kamfanin gaske ne yana biya har abada, yabon wurin da ba ka taɓa gani ba don a biya ka shaidar zur ce, wani bawan Allah zai karanta ya kai kuɗinsa da iyalinsa can. Ita kanta Google ta hana sayen yabo a taswirarta, YouTube ma ta hana sayen dannawa. Kamfanin da zai ce sana'arsa ke nan ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Kuma ma yabon ba shi ne gabansu ba. Da muke bin tsofaffin saƙonni na ga ranar da Auta ta yi kuskure ta tura hoton otal ɗin jiya a madadin na yau, aka ce madalla, aka biya ta. Babu mai dubawa. Aikin an ƙirƙire shi ne don hannu ya saba da dannawa, zuciya ta saba da alat.

Abin da ya fi kwantar mata da hankali a daren shi ne sanin cewa ba ita kaɗai ba ce, kuma ba ƙananan mutane ne suka yi mata ba. A Janairun 2025 hukumar EFCC ta kama mutum 105 a unguwar Gudu da ke Abuja, huɗu daga cikinsu 'yan China, bisa zargin damfarar aikin yaba otal, irin wannan sak. Wata ɗaya kafin nan, a Disambar 2024, ta kama mutum 792 a wani bene mai hawa bakwai a Victoria Island ta Legas, ciki har da 'yan China 148 da 'yan Filifin 40, inda aka ɗauki matasan Najeriya aka ba su kwamfuta da layukan WhatsApp masu lambar ƙasashen waje. Ma'ana matar nan mai kwat wataƙila wani saurayi ne a kan tebur da rubutaccen abin da zai faɗa, kuma "malami" da sauran 'yan VIP huɗu za su iya zama mutum ɗaya mai wayoyi da yawa. A Amurka ma, inda ake ganin an waye da intanet, hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta ce kimanin mutum 20,000 ne suka kai ƙarar irin wannan damfara a wata shida na farkon 2024, alhali a duk shekarar 2023 kimanin 5,000 ne.

Batun takardar CAC kuwa, ya kamata mutanenmu su daina ruɗuwa da ita. Da farko hoto ne, kowa zai iya canza suna a hoto, kuma shafin CAC yana da wurin binciken sunan kamfani kyauta. Ko da ta tabbata, abin da take nunawa kawai shi ne an yi rajistar suna. Ba lasisin karɓar kuɗin jama'a a juya ba ne, wannan sai da rajistar hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari. Manhajar zuba jari ta CBEX da ta rushe a Afrilun 2025, mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, har ofis gare ta a Ibadan, amma SEC ta fito ta ce ba ta da rajista da ita. Mu a Kaduna ma ba baƙin labarin ba ne. A nan, wajen bikin baje koli na duniya na 2017, hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna ta ce kimanin 'yan Najeriya miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18 a MMM, wadda ta kulle asusun mutane a Disambar 2016. Ita ma ta biya na farko-farko. Sai dai na lura kawo misalin MMM ba ya tasiri a kan wanda ke cikin wannan, don zai ce maka shi ba jari ya zuba ba, aiki yake yi. Tambayar da ta fi shiga ita ce: tun da kike, kin taɓa jin ma'aikacin da yake biyan mai gidansa kafin a ba shi ladan aikinsa? Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Wane ne zai ba da fiye da rabin wannan a rana ɗaya saboda danna taurari?

Akwai sashen da ya fi asarar kuɗi haɗari, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali. Washegari mai karɓar baƙin ta dawo da ladabinta. Ta ce tana jin tausayin Auta, ga hanyar da za ta mayar da asararta: ta zama wakiliyar kuɗi. Za a riƙa turo kuɗi asusunta, ta cire kashi 3 cikin 100, ta tura sauran inda aka ce. A nan na gane su wane ne sunaye biyar ɗin nan da na gani a na'urata, da ma waɗanda suka turo mata 1,500 da 26,000. Da yawansu mutane ne irinta, kuɗin wani da aka cuta ake bi da shi ta asusun wani da aka cuta. Tun Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a haɗa kowane asusu, har na bankunan waya, da BVN ko NIN. Idan wanda aka damfara ya kai ƙara, sunan da ke rasit ɗinsa za a bi, kuma sunanki ne da hotonki da adireshinki. Za a iya kulle asusun, za a iya gayyatar ki ki yi bayani, shi kuwa malamin ya goge lambarsa. A sana'armu mun ga mutanen da asusunsu ya daskare saboda kuɗin da suka shigo ba su san asalinsu ba. Komai za a ba ka, kada ka ara wa kowa asusunka.

Mun yi abin da ya kamata. Da safe muka je bankinta da lambobin cinikin duka, ta rubuta ƙorafi. Ta canza lambobin sirrinta, ta goge manhajar da suka sa ta sauke, amma kafin ta fita daga zauren mun ɗauki hoton duk saƙonnin da lambobin asusun, domin su ne hujja idan za a kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke titin Wurno a Badarawa. Duk wanda abin ya same shi ya yi sauri, awa ɗaya ma tana da muhimmanci, don irin waɗannan kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su, ana rarraba su ne ko a mayar da su kuɗin kiripto. Na gaya wa Auta gaskiya kada ta sa rai sosai. Ta tura 210,000, ta ci 16,500, asararta 193,500. Ba a yi mako ba wani ya rubuto mata cewa shi ƙwararre ne wajen dawo da kuɗin da aka damfara, ta biya 15,000 na buɗe fayil. Ta ina ya san an damfare ta? Wannan karon ita ta turo mini hoton saƙon tana cewa, "Yaya, ga su nan sun dawo."

Na ji masu cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, duk wanda aka cuta shi ya jawo. Ban yarda da wannan a kan ƙanwata ba, kuma ban yarda da shi a kan yawancin matan da nake gani a shagona ba. Keken ɗinki take tara wa kuɗi. So take ta sayi sabulu da omo ba sai ta jira an ba ta ba, ta kai wa Umma ɗan wani abu da guminta. Garin nan da masaƙun Kakuri suka riƙe dubban gidaje, an rufe KTL a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, yau mai digiri ma yawo yake da takardu, balle matar aure mai NCE da goyo. Buƙatarta halal ce, su kuma wannan buƙatar suka nufa. Da maigidanta ya zo ɗaukarta na ja shi gefe na roƙe shi kada ya ƙwace mata waya kuma kada ya riƙa tuna mata. Allah ya saka masa, ya ji. Yanzu tana koyar da yaran maƙwabta karatu da yamma a tsakar gidanta, iyayensu na biyan ta a ƙarshen wata, kuma ta sake shiga adashe.

Saura matsala ɗaya da ba mu gama da ita ba. Lokacin da abin ke tafiya daidai, ana ba da naira 1,000 ga duk wanda ya kawo wani, kuma Auta ta saka maƙwabtanta biyu. Wannan ya fi kuɗin damunta. Ta shiga gidajensu da kanta ta nuna musu komai, har zagin da aka yi mata. Ɗaya ta fita nan take. Ɗayar tana daidai matakin da aka dawo mata da 26,000, alat ɗin yana wayarta, kuma an gaya mata a zaure cewa Auta ce ta karya doka shi ya sa aka riƙe kuɗinta. Mun roƙe ta abu biyu: kada ta tura komai sai ta kawo mini lambar asusun na buga mata ta ga sunan, kuma ta tambaye su a rubuce ko za ta iya cire kuɗinta bayan mataki ɗaya. Ta ce za ta yi tunani. An riga an saka ta a VIP, kuma an ba ta zuwa Juma'a ta kawo 60,000.